An ce ina cin kuɗin girkin ɗalibaina

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni malamar Hom Ikonomiks ce, darasin tattalin gida, a wata sakandaren 'yan mata ta jeka-ka-dawo a Jihar Kebbi. Shekarata tara ina koyarwa. Muna da ɗakin da aka rubuta wa ɗakin gwaji a ƙofa, amma abin da ke ciki kekunan ɗinki biyar ne da suka yi tsatsa, sai risho biyu marasa lagwani. A allo nake girki. Da abin ya ishe ni sai na fara karɓar naira 500 daga kowace 'yar aji biyar da aji shida, sau biyu a zango, in yi cefane mu yi firaktikal. Kuɗin ba sa isa, ni ke cikawa daga albashina. Bara har kwasar adashena na zuba, na kuma ɗauki ƙaramar silindar gas ta gidanmu da manyan tukwane biyu na kai makaranta, ban gaya wa maigidana ba.

A taron iyaye da ya wuce wani uba ya miƙe ya ce ɗiyansa biyu kullum suna masa kuka kan kuɗin kek, alhali malamai ke cinye abincin, malamarsu ma an gan ta da kula za ta gida. Gaskiya ne akan kai ɗanɗano ofishin malamai, kuma sau ɗaya na tafi da ragowar shinkafa don kada ta lalace. Firinsifal ta hana karɓar ko kwabo daga ranar, ba ta kuma ce uffan don kare ni ba. Magana ta zaga gari har ta iske maigidana a majalisarsu. Ya ce na mai da shi bare, na kwashe kayan gida na sayo mana zagi. Kwana goma ke nan tsakaninmu sai gaisuwa.

Ina tunanin ko in nemi a mayar da ni Bayoloji, tunda na iya, ko in ajiye aikin in kama girkin biki. Sai dai 'yan aji shida suna da jarrabawar girki a gabansu, ga shi ba su taɓa kunna wuta a makaranta ba tun da aka hana. Ki ba ni shawara.

Malama H., Jihar Kebbi

Wa alaikumus salam, Malama.

Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma a karo na biyu wajen kular nan na tsaya. Na san ba kuɗin da suka tafi ne ke hana ki barci ba. Abin da ke cin ranki shi ne a miƙe a bainar jama'a a kira ki mai cin abincin yara, ke da kika juye adashenki a tukunyarsu, kuma duk zauren a rasa mai cewa a'a. Da ciwo, ba zan ce ki share kamar ba a yi ba. Na yarda ba ki ci kuɗin kowa ba. Amma tunda shawara kika nema, bari in nuna miki inda bango ya tsage har ƙadangare ya samu wurin shiga. Ke ke karɓar kuɗi, ke ke zuwa kasuwa, ke ke riƙe canji, ke ke raba abinci, kuma babu takarda ko ɗaya da idon wani ya gani. Ko waliyyiya aka ɗora a wannan tsari, wata rana sai an zarge ta. Cikon da kike yi a ɓoye kika yi shi, kular kuwa da rana tsaka ta fita ƙofar makaranta.

Mu fara da gida, don kwana goma sun yi yawa. Albashinki naki ne, addini ma bai ba maigida ikon taɓa shi ba sai da yardarki. Sai dai silinda da tukwane ba albashi ba ne, kayan gida ne, kuma adashen nan ina kyautata zaton akwai abin da kuka tsara yi da shi, ko da ba ki faɗa ba. Ki duba ta inda labarin ya iske shi. Yana zaune cikin abokai ana shan shayi, wani ya jefo maganar matarsa, shi kuwa bai san hawa ba bai san sauka ba. Da ya sani tun farko, da shi zai fara cewa ƙarya ne, matata daga aljihunta take cikawa, ni shaida ne. Kin hana shi wannan. Rabin fushinsa na kayan ne, rabi kuma kunyar an riga shi sanin abin da ke faruwa a gidansa. Don haka silinda da tukwane su fara dawowa gida kafin kowace magana. Sannan bayan isha, yara sun kwanta, ki miƙa masa lissafin duk abin da kika kashe tun bara, iya abin da kika tuna, a rubuce. Ki ba shi haƙuri a kan ɓoyewar kaɗai. Son aikinki ba laifi ba ne, kada ki haɗa shi cikin ban haƙuri. In kina so ki ci gaba da taimaka wa ajin da wani abu, ku yanka adadi tare, ɗan kaɗan da ba zai taɓa cefanen gida ba, kuma kada ki haura shi ko yara sun yi miki kallon tausayi. In bai saurare ki a zaman farko ba, ki bar shi ya huce ki sake. Sai in abin ya ja ne za ki nemi yayarsa ko wata gwaggonsa da yake jin nauyi.

Shi kuma uban yaran bai kyauta ba, zargi babu hujja a gaban jama'a zalunci ne. Amma ki ɗan leƙa ta ɓangarensa. Ɗiya biyu, naira 500 kowacce, sau biyu a zango, naira 2,000 ke nan, kuma zango uku ne a shekara. A wurinki ba su kai kuɗin fulawa da bota da ƙwai ba. A wurin manomin da sai an yanke shinkafa yake ganin kuɗi a hannunsa, ko ɗan kabu-kabun da ke lissafin fetur, kuɗi ne da sai an yi tunani. To me ya gani a madadinsu? Yarinya ta shigo da yankan kek a takarda, ƙannenta sun yi wawaso, shi ke nan. Uwarta kuma, wadda ta shekara ashirin tana tuƙa tuwo, tana daga gindin murhu tana cewa yanzu girkin ma sai an biya?

Ni ma na riƙe alli, kuma na yi abin da har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Mako biyu cur na kwashe ina koya wa yara jera tebur: cokali mai yatsu a hagu, wuƙa a dama, kofi daga sama. Har faranti na tangaran na aro a maƙwabta. Yara suka haddace tsaf. A cikin zangon nan wata ɗaliba ta yi kwana huɗu ba ta zo ba. Da ta dawo na tare ta da faɗa, sai ta ce ƙaninta ne ya rasu, amai da gudawa, kwana biyu kacal ya yi. Babu wanda ya san haɗa ruwan gishiri da sukari a gidansu. Yana nan cikin littafin da nake koyarwa, 'yan shafuka gaba da jera tebur. Ban kai wurin ba.

Shi ya sa nake so ki sake buɗe manhajarki da idon wadda ba ta da ko kwabo. Mutuwar ɗakin gwaji ta hana ki kek da donot, amma abin da gidajen yaran nan suka fi buƙata kusan duk kyauta ake koyar da shi. Ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, sukari cokalin shayi shida a shafe, gishiri rabin cokalin shayi. Ledar fiya wata biyu lita ɗaya ce in dai mai rabin lita ce, su duba jikinta su karanta. Kowace yarinya ta haɗa da hannunta, ta ɗanɗana, ta ji bai fi hawaye gishiri ba. Ta san cewa na ƙulli da ake samu a asibiti da kemis ya fi, ana haɗa shi da ƙwayar zinc, na gida na kafin a samu ne, kuma in ya kwana ya wuni zubarwa ake yi. Ta san in idon yaro ya faɗa, ya daina fitsari, ya kasa sha, to lokacin asibiti ya yi. Wannan darasi ɗaya ne, kuma sukarin da zai ci bai kai na shayin ofishin malamai na kwana ɗaya ba.

Ga garin kunun yara da ake kira Tom Brown, wanda ma'aikatan lafiya ke koya wa iyaye mata: awo shida na gero ko dawa ko masara, awo uku na waken suya, awo ɗaya na gyaɗa, a soya kowanne daban a niƙa tare, a riƙa dama wa yaron da ya wuce wata shida. Yarinyar da ta auna wannan da gwangwanin madara ta koyi abincin gina jiki fiye da wadda ta haddace rukunan abinci a allo, ta kuma yi lissafin kaso ba tare da ta sani ba. Ga ajiyar wake. Ki kawo jarka biyu, ki zuba busasshen wake a kowacce, ɗaya ki cika ta maƙil ki toshe bakinta ƙam, ɗaya ki bar ta a buɗe, ku ajiye a lungun aji. Bayan wata biyu ku buɗe su gani da idonsu yadda rashin iska ke kashe ƙwari, wanda shi ne sirrin buhun PICS mai leda biyu a ciki. Daga nan sai ki yi musu maganar masu zuba fiya-fiya a wake, da abin da yake yi wa mai ci. Ga gyaɗa da masarar da suka yi funfuna, waɗanda ake cewa a ware a yi ƙuli ko a ba kaji: gubar da ke cikinsu, aflatoksin, hanta take lalatawa, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Ga ƙuna, wadda har yanzu ake shafa wa man goge baki da ɗanyen ƙwai, alhali ruwa mai sanyi ake ta kwarara mata kamar minti 20. Ga gas, da yanzu ya shiga gidaje da yawa kafin sanin yadda ake zama da shi ya shiga: kumfar sabulu a bakin silinda da jikin tiyo, in ta yi ƙwai-ƙwai akwai yoyo, a buɗe taga, kada a ƙyasta ashana, kada a taɓa makunnin lantarki.

In wani ya ce miki wannan ƙaramin ilimi ne, ki tuna masa 2010 a maƙwabtanku Zamfara. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum yara wajen 400 gubar dalma ta kashe, kuma a tsakar gida abin ya faru. Duwatsun zinariya ake kawowa ana dakawa ana niƙawa inda yara ke rarrafe, wani lokaci a turmin da ake daka hatsi. Ƙasar Yawuri ma ana haƙar zinariya. Abin da ya halatta ya shiga tsakar gida da abin da dole ya tsaya a waje, darasinki ne, ba na wani ba.

Yanzu kuɗi. Shawarata ita ce kada kwabon makaranta ya sake kwana a jakarki, ko firinsifal ta janye hanin. Ki sayi littafi mai bango mai ƙarfi, ajin ya zaɓi ma'aji da magatakarda da mutum biyu masu cefane, a riƙa sauya su kowane zango. Abin da ya shigo a rubuta, abin da ya fita a rubuta, mutum biyu su sa hannu, ke ki duba ki sa naki a ƙasa. Kayan da ake nomawa a garin kada a nemi kuɗinsu. Wadda gidansu ke da gero ta kawo gwangwani ɗaya, mai gyaɗa ta kawo gyaɗa, mai zogale a bayan ɗaki ta tsinko, wadda ba ta da komai ta ɗebo ruwa ta hura gawayi, kuma kada a taɓa korar yarinya daga firaktikal don ba ta kawo ba. Uban da naira 500 ta gagara, gwangwanin gero ba zai gagare shi ba. Abincin da aka dafa kuwa a cinye shi a ajin, a gaban kowa. Malamin da ke son ɗanɗano ya saya, a rubuta.

Littafin nan shi kansa darasi ne, ina jin ma ya fi sauran. Ku yi awara da tiya ɗaya ta waken suya. Su rubuta kuɗin wake, kuɗin niƙa, mai, gawayi, yaji, leda. Ruwan tsamin kamu daga gida za a kawo. In an soya su ƙirga yanka nawa ta ba da, su raba, su ga nawa kowane yanka ya tsaya musu kafin su sa farashi. Sai ki tambaye su: to wahalar wadda ta tace, ta tsaya gaban wuta, nawa ce? Za ki ga sun yi shiru, don yawancin iyayensu mata da ke sana'a a gida ba su taɓa sa wa guminsu kuɗi ba, uwa da riba duk a gwangwani ɗaya suke, har jari ya karye ba a san ranar da ya karye ba. A sayar da awarar lokacin tara, kuɗin su koma littafi su zama jarin firaktikal na gaba. Sau biyu ko uku a zango ya isa. Aji ba masana'anta ba ce, kuma akwai tsohuwar da ke sayar da abinci a ƙofar makaranta, da shi take ci da marayu, kada ku kashe mata kasuwa.

Duk wannan sai da firinsifal. Ba ta kyauta ba da ta yi gum, ko da "za mu bincika" kawai ta ce, da an rage. Amma a kujerar da take, babu abin da ke firgita shugaban makarantar gwamnati irin a ce ana karɓar kuɗi hannun yara ba da izini ba. Takardar koke ɗaya ta isa ma'aikatar ilimi a Birnin Kebbi, ita za a fara kira, ba ke ba. Kanta ta kare. Kada ki shiga ofishinta da ƙorafin abin da ya wuce, ki shiga da takarda shafi ɗaya. Ki nemi a kai maganar firaktikal gaban ƙungiyar iyaye da malamai da kwamitin gudanar da makaranta, wato SBMC, su yanke abin da za a yi, in akwai ɗan jarin farko ya fito ta hannun ma'ajinsu. Ki tambaye ta ko makarantarku na cikin shirin AGILE na Bankin Duniya mai tallafa wa karatun 'yan mata, don Kebbi na cikin jihohi bakwai da aka fara da su bayan amincewa da shi a 2020, kuma a cikinsa akwai tallafin gyaran makarantu da ke bi ta hannun SBMC, akwai kuma ɓangaren koya wa 'yan mata dabarun rayuwa. In kuna ciki, ɗakinki ya shiga jerin buƙatu da adadi. Mai rubuta muna buƙatar kayan aiki hannu wofi yake komawa. Mai rubuta kurfoti huɗu, tukwane shida, wuƙa goma, bokiti mai murfi biyu, shi ake saya wa.

Kekunan nan biyar kuma kada ki yi musu jana'iza tukuna. Tsofaffin Singer da Butterfly ƙarfe ne zalla, da wuya su mutu murus. Ki kira mai gyaran keke daga layin teloli ya duba. Kananzir ya wanke tsatsa, a sa mai, a sauya bel da allura da kwarkwaro, wanda ya gagara a ciri kayansa a tashi 'yan uwansa. Uku suka tashi cikin biyar, kin samu aji. Kina da hujja ma a hannu: darussan sana'a 34 da aka shigar manhajar babbar sakandare a 2011, da gwamnatin tarayya ta rage su zuwa shida a 2025, ɗinki na cikin waɗanda aka bari.

Akwai wasu malamai da ba ki gayyato ba, kuma su ne iyayen yaran. A jihar da shinkafa ta zama abin alfahari, har a Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a 2015, da wuya a rasa mai yin gumi a unguwar kowace ɗaliba. Ki gayyato ɗaya, ta zo da shansherarta ta nuna jiƙo da turare da shanya, ta faɗi yadda take gane ta yi daga tsagewar ɓawo. In ta gama ke kuma ki faɗi dalili: tururin yana tura sinadaran bitamin B daga dusa zuwa cikin ƙwaya, yana kuma ƙarfafa ta kada ta kakkarye a inji. Ita ta san yadda ake yi, ke kin san abin da ya sa, yara su tashi da duka biyun. Haka mai bandar kifi in kuna kusa da ruwa irin Argungu ko Yawuri, haka mai ajiyar albasa in kuna wajen Aliero, haka mai ƙuli da man gyaɗa. Su za su shigo makaranta, kada ki fita da 'yan mata nesa a wannan hali na tsaro. Mace ta koyar da mace abin da zai amfane ta ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, da jajis ɗin Nana Asma'u, wato malamai mata masu zaga ƙauyuka, aka san ƙungiyar karatun mata ta 'Yan Taru tun kafin rasuwarta a 1864. Uwar da aka shimfiɗa wa tabarma a gaban aji aka kira ta malama, ba za ta bari a zagi darasin a gidanta ba.

'Yan aji shida su ne na gaggawa, kuma a nan dole in sassauta abin da na faɗa a kan kek. Jarrabawar WAEC ta abinci da gina jiki tana da zaman tsara aiki, inda yarinya ke zaɓar abin da za ta dafa ta rubuta kayan haɗi da adadinsu da yadda za ta raba lokaci, sannan ranar girki a gaban mai duba, wanda ke kallon tsabta da tsari har da yadda aka gabatar da abinci. Ke nan jera tebur ɗin da na yi wa tsiya ma yana da ranarsa. Zaman tsarawa takarda da biro kawai yake ci, ku yi ta maimaita shi kowane mako. Gashi kuwa ba sai da obin ba. Yashi mai tsabta a gindin babbar tukunya, a ɗora a kurfoti ya ɗau zafi, a zuba kwaɓin a gwangwanayen da aka shafe da mai, a rufe, a ɗan zuba garwashi a kan murfi, a soka tsinke in ya fito a bushe ya gasu. Rukuni na mutum takwas su yi ƙaramin kek na ƙwai biyu, kowacce ta taɓa muciya. Ki rubuta wa firinsifal adadin firaktikal ɗin da suka rage kafin jarrabawa da abin da kowanne zai ci, da kwanan wata, ki riƙe kwafi. Sakamakon makarantarta ne, ba naki ke kaɗai ba.

Batun tafiya. Bayoloji ba mafaka ba ce, can ma a allo za ki tarar ana zana ƙwayar halitta, kuma in kin koma yanzu gari zai ce an kama ta ne aka cire ta. Girkin biki sana'a ce mai kyau, kuma na ga alamar kina da hannu. Amma kakarsa gare shi, bayan girbi da gabanin azumi a yi ta rububi, damina ta faɗi a zauna, ga masu biki da cin bashi, ga shekara tara na fansho da za ki bari a baya. In kina tunanin haɗa biyun, ki san cewa jadawali na biyar na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwancin kansa in ban da noma. Na sani, rabin ofishin malamai atamfa da turare suke sayarwa. Sai dai wadda aka riga aka sa wa ido ba ta yin abin da kowa ke yi. Ban ce kada ki tafi har abada ba. Ki ba sabon tsarin zango ɗaya cikakke, ki raka 'yan aji shida har ƙofar jarrabawa. In bayan nan firinsifal ta toshe kowace hanya, ki nemi canjin makaranta, ko ku zauna da maigida ku yi lissafin sana'ar da littafi irin wanda kika koya wa yara.

Uban nan kuwa kada ki bi shi gida neman ya janye magana, kada kuma ɗiyansa su ga sauyi a fuskarki, don sun fi kowa jin kunyar abin da ya faru. In ajin ya yarda, ɗaya daga cikinsu ta riƙe littafin kuɗi a zangon farko. A taron iyaye na gaba ke ki zauna, ma'aji ta tashi ta karanta abin da ya shigo da abin da ya fita har ƙarshe, sannan a zaga da kunun Tom Brown a kofuna, iyaye su sha.

Ranar Litinin ki ce kowace yarinya ta zo da cokalin shayin gidansu. Ki jera su a tebur kafin a fara awo. Za ki ga wani ya kusa ninka wani, kuma akwai wadda za ta zo da cokalin cin shinkafa tana rantsuwa na shayi ne. Daga nan darasin zai fara. In zango ya ƙare ki rubuto mini, ina so in ji keke nawa suka tashi, da kuma ko maigida ya sha kunun.